Ƙarin Kuɗin Wuta a Nijeriya: Wa Ke Tsaya wa Mai Biya?

Ranar 3 ga Afrilu, 2024, Hukumar Kula da Harkar Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, ta sanar da cewa kuɗin yunit ɗaya na wuta ga masu rukunin A ya tashi daga kimanin naira 68 zuwa naira 225. Ninki uku ke nan har da ɗoriya, kuma a dare ɗaya. Wanda ya saba loda katin naira dubu goma ya samu yunit wajen 147 kafin a cire haraji, ya wayi gari kuɗin nan ba za su ba shi fiye da yunit 44 ba. Hukumar ta ce ƙarin bai shafi kowa ba, kashi 15 cikin ɗari ne kawai na masu amfani da wuta, waɗanda ake ba su awa ashirin ko fiye a rana. A watan Mayu aka sassauto da farashin zuwa naira 206.80, a Yuli kuma ya koma 209.50. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC ba su gamsu ba, suka yi zaman dirshan a ƙofar ofisoshin hukumar da na kamfanonin rarraba wuta ranar 13 ga Mayu.

Tun daga nan muhawarar ta rabu gida biyu. Masu cewa a soke ƙarin ɗungurungum, da masu cewa babu makawa sai an biya wuta a kan abin da aka kashe wajen samar da ita. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke kare mai biyan kuɗin wuta ba lambar da aka rubuta a kan yunit ba ce kaɗai. Tambayar ita ce: me aka cusa cikin wannan lamba, wa ya auna abin da mutum ya sha, kuma me ke faruwa da kamfani idan ya karɓi kuɗi bai kawo wutar ba?

Dalilin da ya sa ake buƙatar hukuma a tsakani a fili yake. Mutumin Kano ko Katsina ko Jigawa ba shi da wani kamfanin da zai jawo masa wutar ƙasa sai kamfanin rarraba wuta na Kano, KEDCO. Na Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi yana hannun Kaduna Electric. Na Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai yana hannun kamfanin Jos, na Adamawa da Taraba da Borno da Yobe kuma na Yola. Ba za a kafa turaku layi biyu a titi ɗaya don a yi gasa ba, kuɗin ya yi yawa. To tunda babu gasar da za ta tilasta wa kamfani sassauci, sai doka ta kafa wanda zai ƙayyade masa farashi. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ce ta haifi NERC, ita ce kuma ta wargaza tsohuwar NEPA ta koma PHCN, aka yanyanka ta zuwa kamfanoni 18: shida na samar da wuta, ɗaya na dakonta, 11 na rarrabawa. Ranar 1 ga Nuwamba, 2013 aka danƙa mafi yawan na rarrabawar da na samarwa ga 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe na dako, TCN. Har gobe dai mutane "'yan NEPA" suke cewa idan an zo yankan wuta, amma mai gidan ya daɗe da canzawa.

Yadda ake lissafin farashin ba wani sihiri ba ne, ko da yake ana lulluɓe shi da manyan kalmomi. Tsarin da ake kira MYTO, wanda aka fara a 2008, yana tara kuɗaɗe ne kashi-kashi: abin da tashoshi suka kashe wajen samar da wuta, ladan dakonta a manyan wayoyi, albashi da gyare-gyaren kamfanin rarrabawa, sai ribar da aka yarje masa a kan jarin da ya zuba. Idan an haɗa jimla, sai a raba ta da adadin yunit ɗin da ake sa ran za a sayar a kuma karɓi kuɗinsu. Abin da ya fito shi ne farashi. Ana yin babban bita duk shekara biyar, ana kuma yin ƙaramin gyara a tsakani idan abubuwa huɗu suka motsa: hauhawar farashin kaya, canjin dala, kuɗin iskar gas, da yawan wutar da tashoshi ke iya bayarwa.

Dukkansu sun motsa kafin Afrilun 2024, kuma ba ƙaramin motsi ba. Mafi yawan wutar Nijeriya daga gas ake samar da ita, madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru ciko suke yi. Gas ɗin nan kuwa da dala ake yi masa farashi, ko da a Neja Delta aka haƙo shi. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura dubu ɗaya da ɗari huɗu cikin watanni. A kan haka kuma aka ɗaga farashin gas na tashoshin wuta daga dala 2.18 zuwa 2.42 a kan kowane ma'auni. Kuɗin samarwa ya yi sama, farashin da jama'a ke biya yana nan inda yake, giɓin da ke tsakani kuma gwamnatin tarayya ce ta ce za ta cike. Ministan wuta na lokacin, Adebayo Adelabu, ya ce tallafin zai kai kimanin naira tiriliyan 2.9 a shekarar idan ba a taɓa farashi ba.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa a daskarar da farashi kawai a huta. An gwada, an ga inda ya kai mu. Gwamnati takan yi alƙawarin tallafi ta kasa biya a kan kari, masu tashoshi su kasa biyan masu gas, masu gas su rage abin da suke turawa, wuta ta ragu. Ƙasar da ke da injinan da a takarda za su iya ba da megawat wajen dubu 13, amma abin da ke isa ga jama'a yana yawo tsakanin dubu huɗu da dubu biyar. Farashi mai sauƙi na wutar da babu ita bai kare kowa ba, domin tela da mai walda da mai injin markaɗe sun koma janareta, inda yunit ɗin ya fi na rukunin A tsada nesa ba kusa ba, musamman bayan cire tallafin fetur. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: tallafin da ake bi ta kan yunit, wanda ya fi shan wuta shi ya fi cin moriyarsa. Gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki shida ya fi mai ƙwan fitila uku da fanka ɗaya kwasar kuɗin gwamnati.

Amma yarda da cewa farashi zai iya tashi ba ya nufin yarda da duk abin da kamfani ya kawo a lissafinsa. Babban wurin da ake cutar mai biya shi ne batun asara. A ce kamfani ya karɓi yunit ɗari daga TCN. Wasu sun zube a hanya saboda tsofaffin wayoyi da tiransifomar da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta. Wasu an sace ta hanyar jona waya ta bayan mita. Wasu an sha, an rubuta bil, ba a biya ba. A ƙarshe kuɗin yunit sittin ko sittin da biyar ne suka shigo aljihun kamfani, kuma a wasu kamfanonin Arewa abin bai ma kai haka ba. To kuɗin ragowar wa zai biya? Idan aka bar kamfani ya raba dukkan kuɗin yunit ɗari a kan mutanen da ke biya, to mai gaskiya ne ke ɗaukar nauyin ɓarawo da na mai taurin bashi da na sakacin kamfanin kansa. Shi ya sa tsarin MYTO ya sanya iyaka: ga yawan asarar da za a amince a saka cikin farashi, abin da ya haura nan kamfani ya ji da shi, kuma iyakar tana raguwa shekara bayan shekara. Wannan lamba guda, wadda da wuya ka ji an ambace ta a rediyo, ta fi yawancin abin da ake ta da jijiyar wuya a kansa muhimmanci. Duk lokacin da hukuma ta sassauta ta don kamfanoni sun yi kuka, ƙari ne aka yi wa jama'a ba tare da an kira shi ƙari ba.

Masu kamfanonin sukan ce sun gaji ruɓaɓɓen kaya ne. Gaskiya ne. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma a 2013 alƙawarin rage asarar nan shi ne ma'aunin da aka bi wajen zaɓen waɗanda aka sayar wa. Da yawansu da bashin banki suka saya, ba su da sauran abin zubawa a gyara. Sakamakon ya fito: a 2022 bankuna masu bin bashi suka karɓe ragamar wasu kamfanoni, har da na Kano da na Kaduna, a Janairun 2024 kuma NERC ta rushe hukumar gudanarwar Kaduna Electric saboda bashin da ya kai kimanin naira biliyan 110. Ita ma gwamnati ba ta da bakin magana sosai, don ma'aikatunta na cikin manyan masu cin bashin wuta. A Fabrairun 2024 kamfanin Abuja ya buga sanarwa a jaridu yana barazanar yanke wutar ma'aikatu da hukumomi 86, har da fadar shugaban ƙasa, kan bashin da ya haura naira biliyan 47. Talakan da ake ɗora wa tsani a ƙofar gida saboda bil ɗin wata biyu yana da haƙƙin ya tambayi dalilin wannan bambanci.

Sai batun rukunai. A Satumbar 2020 aka shigo da tsarin biya gwargwadon wutar da ake samu: rukunin A awa 20 aƙalla a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A ƙa'ida tsari ne mai ma'ana, domin ya mayar da farashi yarjejeniya: ka biya da tsada, a ba ka wuta da yawa. Umarnin da NERC ta fitar a 2024 ya ƙara masa haƙora. Idan babban layin da ke rukunin A ya kasa cika awanninsa kwana biyu a jere, dole kamfani ya wallafa dalili. Idan ya kasa kwana bakwai a jere, a sauke layin zuwa rukunin da ya dace da abin da yake bayarwa. Hukumar takan kuma umarci a biya masu layin diyya da ƙarin yunit. Kwanaki kaɗan bayan ƙarin ma ta ci kamfanin Abuja tarar naira miliyan 200 saboda ya caji waɗanda ba 'yan rukunin A ba da sabon farashi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin da ake ƙirga awannin. A bakin babban layi ake aunawa, can a tashar rarrabawa, ba a ƙofar gidan mutum ba. Layi yana iya kasancewa da wuta awa ashirin da biyu, alhali tiransifomar unguwa ta ƙone tun makon jiya, ko ma'aikata suna cire fis suna yi wa layuka karɓa-karɓa don kada ta fashe, ko kuma wutar ta zo ba ƙarfi, ƙwai yana ja kamar garwashi, firiza tana gurnani ba ta ɗauka. A takarda an cika alƙawari. Ɗauki mai sayar da ƙanƙara da ruwan leda da ke da firiza uku a shago: abin da yake buƙata shi ne wuta mai ƙarfi ta zauna daga dare zuwa asuba ba yankewa, don ƙanƙara ta kama. Idan an ba shi awanninsa a gutsuttsure, awa biyu a ɗauke, awa ɗaya a kawo, da safe ruwa zai tarar, ga mita ta cinye katinsa a kan farashin rukunin A. Babu wata takardar hukuma da za ta nuna an zalunce shi. Matuƙar ba a sanya na'urar aunawa a kan kowace tiransifoma ba, aka kuma buɗe bayanan kowa ya gani, kamfani ne mai sayarwa, shi ne kuma mai ba da shaidar ya cika mudu.

Ba kuma kowane ɗan rukunin A ne mai hali ba. Rukuni layi yake bi, ba aljihu ba. Ɗan fansho ko malamin firamare da gidansa ya faɗo a kan layin da ya nufi unguwar masana'antu ko gidan gwamnati, farashi ɗaya zai biya da mai kamfanin robobi, kuma ba shi da ikon cewa a mayar da shi rukunin C. Jami'o'i da asibitocin koyarwa ma sun koka a 2024 cewa kuɗin wuta yana neman cinye kasonsu na gudanarwa. Doka ta tanadi mafita biyu. Akwai farashin masu ƙaramin ƙarfi, naira 4 a kan yunit ga wanda ba ya shan fiye da yunit 50 a wata. Akwai kuma asusun tallafa wa marasa galihu da ke cikin dokar 2005, aka sake maimaita shi a dokar lantarki ta 2023. Nan ne ya kamata kuɗin tallafi su nufa kai tsaye, maimakon a watsa su a kan kowa. Amma ta yaya za a san mutum bai wuce yunit 50 ba idan ba shi da mita?

Wannan ne ya kawo mu ga abin da nake ɗauka shi ne ginshiƙin maganar baki ɗaya. Cikin masu amfani da wuta kimanin miliyan 13 da ke rajista, a lokacin da aka yi ƙarin, waɗanda ke da mita ba su kai rabi ba. Sauran bil ɗin kintace ake kawo musu. Ga marar mita, duk wata muhawara a kan ko yunit naira 68 ne ko 225 rabin zance ce, tunda adadin yunit ɗin ma wani ne ya zauna ya ƙiyasta. Ba zai iya tsimi ba, don ko ya kashe komai ya yi tafiya bil ɗin zai zo. Ba shi kuma da dalilin kashe ƙwai da rana, wanda hakan ke ƙara wa tiransifoma nauyi. A Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki cikin duhu. Mai mita bai yi asarar ko sisi a katinsa ba. Marar mita kuwa sai dai ya jira abin da takarda za ta zo da shi, in ya so ya je ya yi gardama.

NERC ta yi yunƙuri a nan. A Fabrairun 2020 ta ƙayyade iyakar abin da za a iya rubuta wa marar mita, gwargwadon matsakaicin abin da masu mita a layinsa ke sha. Kamfanoni suka yi ta tsallake iyakar. A Fabrairun 2024 hukumar ta ce tsakanin Janairu da Satumbar 2023 kamfanonin 11 sun yi wa marasa mita aringizon kimanin naira biliyan 105, ta umarci a mayar wa mutane kuɗinsu ta hanyar rage musu a bil, ta kuma zaftare wa kamfanonin biliyan 10.5. Mataki ne mai kyau, amma tarar kashi goma cikin ɗari ce ta abin da aka ɗora, kuma ta zo ne bayan an daɗe da karɓa. An yi shirin saye da sanya mita ta hannun 'yan kwangila a 2018, aka yi na raba mita kyauta da kuɗin Babban Banki a 2020, duk da haka giɓin bai rufe ba. Da ni ne mai yanke hukunci, da sharaɗin farko na saka kowane layi a farashi mafi tsada shi ne kowane gida da ke kansa ya samu mita tukuna, kuma a wuyan kamfani.

Hanyar da ake bi a yi ƙarin ita ma kariya ce. Doka ta wajabta a sanar da jama'a, a saurari ra'ayinsu, kafin a sauya tsarin farashi. A Yulin 2016 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke ƙarin da aka fara aiki da shi a Fabrairun shekarar, bisa hujjar ba a bi ƙa'ida ba. A 2020 sai da aka dakatar da sabon tsarin na ɗan lokaci bayan ƙwadago sun yi barazanar yajin aiki. A 2024 ma ƙorafin ƙwadago ke nan, cewa ba a tuntuɓe su ba. Zaman sauraron ra'ayi da ake yi a ɗakin taron otal, da Turanci, da takardu masu shafi ɗari cike da lissafi, ba ya isa ga mai walda a Kwanar Dawaki ko mai niƙa a Funtuwa. Kamfanoni suna zuwa da akantoci da lauyoyi, jama'a kuwa ba su da ƙwararren da aka biya don ya bi musu lissafin layi-layi ya ce wannan kuɗin bai halatta a saka shi ba. Kuma ko da lissafin daidai ne, ninka farashi uku a rana ɗaya zaɓi ne, ba dole ba. An yi shekaru ana jan ƙafa saboda siyasa, sannan aka sauke nauyin gaba ɗaya. Da an bi shi mataki-mataki, da sanarwar watanni, da masu ƙananan sana'o'i sun samu damar gyara farashinsu ko su nemi sola.

Kafin a kai ga gyara waɗannan, akwai haƙƙoƙin da mutum ke da su yanzu, kuma yawanci ba a san da su ba. Sayen tiransifoma ko turaku ko waya ba aikin jama'a ba ne, na kamfani ne, duk da cewa karo-karon gyaran tiransifoma ya zama al'ada a unguwanninmu. Ba a yanke wa mutum wuta saboda bashi sai da sanarwa a rubuce. Mai ƙorafi zai fara kai kukansa a rubuce ga sashen ƙorafi na kamfanin, ya riƙe shaidar ya kai. Idan kwanakin aiki 15 suka wuce ba a warware ba, sai ya wuce ofishin sasanci na NERC da ke jiharsa ko kusa da ita, daga nan kuma zuwa hukumar kanta. Ƙorafin unguwa guda, da jadawalin awannin da aka kawo wuta da waɗanda aka ɗauke an rubuta kullum, ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Yanzu kuma fagen yana sauyawa. Gyaran tsarin mulki da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, da dokar lantarki da Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin shekarar, sun ba jihohi ikon kafa hukumominsu su karɓi kula da kasuwar wuta ta cikin gida. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara a 2024, a Arewa kuma Kogi da Neja da Filato sun bi sahu. A 2025 hukumar Enugu ta sauke farashin rukunin A zuwa naira 160, masu tashoshin samar da wuta suka yi ca, NERC kuma ta ce jiha ba ta da ikon rage kuɗin wutar da ta fito daga layin ƙasa sai in za ta cike giɓin daga aljihunta. Jihohin Arewa da ke shirin karɓar wannan iko su lura da wannan rikici da kyau. Hukumar jiha tana da fa'idar kusanci, za ta iya sanin wace tiransifoma ce ta ƙone a wace unguwa, ta kuma yi zaman sauraron jama'a da Hausa. Amma tana kusa da gidan gwamnati ma, kuma gwamnan da zaɓe ya matso zai so ya sanar da ragi ko babu kuɗin cike giɓin, musamman a jihohin da asara ta fi yawa kuma masana'antun da za su ɗauki nauyi suka yi ƙaranci. Majalisar jihar da ke rubuta irin wannan doka tana bukatar ta tanadi wa'adin da gwamna ba zai iya tsige kwamishinonin hukumar yadda ya ga dama ba, da kuɗin shigarta na kanta, da wajabcin wallafa awannin wutar kowace tiransifoma da asarar kowane kamfani duk wata, da kuma kason da za a ware don ɗaukar ƙwararrun da za su tsaya wa masu biya a duk zaman da za a yi kan farashi.